Rumfar Amirka da Shanun Baffa Manu

Ba za ni faɗi sunana ba, domin ina da jikoki waɗanda ba su yi wa kowa laifi ba. Abin da ya kamata ku sani shi ne ni mutumin Sabon Birni ne, ɗan manomi, kuma a zamanin Turawa ina cikin 'yan kaɗan ɗin da suka gama makarantar Midil daga yankinmu. Tun asali ni ba fitinanne ba ne. Matsoraci ne ma, irin wanda yake karanta takarda sau uku kafin ya sa hannu. Ban faɗi wannan don wanke kai ba. Na faɗa ne don kada wani yaro mai hankali ya ɗauka labarin nan bai shafe shi ba.

Bayan Midil aka koya mini aikin dabbobi, aka ajiye ni a Isa ina allurar shanu. Maganin bushiya, cutar nan mai share garke, yana zuwa mana a ƙananan kwalabe cikin ƙanƙara. Sai mu dama shi da ruwan gishiri, mu yi wa saniya allura, mu yanke ɗan gefen kunnenta da almakashi. Wannan yankan shi ne shaida. Duk malamin dabbobin da ya ga saniya da shi ya san an gama da ita, sai ya wuce.

Akwai wani makiyayi a wajen Kurawa, Baffa Manu, aminin mahaifina. Kowace kaka yakan sauke shanunsa a gonarmu su ci kara su bar mana taki. Da nonon shanunsa aka yaye ni. Da ya ji na sami aiki, sai ya riƙa gaya wa 'yan'uwansa, "Yanzu mu ma muna da namu cikin masu allura."

A shekarata ta biyu aka aike ni Gusau ɗauko magani. Na shiga motar wani direba, Garba Dogo, wanda ya girme ni da kamar shekara biyar. Shi ya ja ni gidan silima, kuma ban taɓa shiga ba sai ranar. An fara da fim ɗin kaboyi, masu kiwon shanu a kan doki da bindiga a ƙugu. Wannan ya ba ni sha'awa, amma na biyun ne ya kama ni. Samari ne da 'yan mata na Amirka, sa'o'ina, suna zuwa wani filin wasa a bakin teku. Fitilu ko'ina, ga wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe kamar ta keke mai juyawa da mutane a kanta, ga ɗaki inda ake jefa kuɗi a akwati kiɗa ya tashi. Wani saurayi ya tsaya a gaban ubansa da hannu cikin aljihu ya mayar masa da magana, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Ni da ban taɓa kallon mahaifina cikin ido ba, na fito abin yana ta yi mini yawo a rai. Har yau ban tabbata ko tsoro ne ko daɗi ba.

A hanyar komowa Garba ya ce, "Malam, kai da kake jin Turanci, mi yaron nan ya ce ma tsohonsa?"

Gaskiya ban ji rabin abin da suka ce ba, don Turancinsu ba irin na makaranta ba ne. Amma na ce, "Cewa ya yi rayuwarsa tasa ce."

Garba ya daki sitiyari. Ya ce, "Shi ke nan. Kai muke nema."

Ashe yana da wata rumfa a bayan tashar Isa, ta zana da buhunan gyaɗa, inda samari suke taruwa ranar kasuwa daga la'asar. Sunanta Amirka. In ka ji yaro ya ce za shi Amirka, can ya nufa. Akwai garmaho guda da faifai huɗu ko biyar, akwai lemun kwalba da sigarin ƙasar Faransa. A bango an manna hotunan da aka yago daga mujallu. Ba mu da hular kaboyi, sai muka riƙa sayen malfar Fulani muna lanƙwasa gefenta, mu ɗaura jan ƙyalle a wuya. Dokar rumfar biyu ce: ba a cire takalmi, ba a durƙusa wa kowa. Ɗan mahauci da ɗan sarki benci ɗaya suke zama, kuma ba mai tambayar ka ɗan wa ne. Dattawa suna kiranmu 'yan iska. Ina ganin suna da gaskiya ta wani gefe, amma ba za ni yi muku ƙarya in ce babu abin so a wurin ba. A can ne kaɗai na taɓa dariya da ƙarfi.

Aikina a rumfar shi ne ba da labarin Amirka. Ina karanta musu rubutun da ke ƙarƙashin hotuna, inda ban gane ba in ƙirƙira. Na gaya musu a can yaro na da motarsa tun yana shekara goma sha biyar, ana kallon silima daga cikin mota, ba a kwana sai an yi rawa. Ban san nawa ne gaskiya a ciki ba. Suna saurarona kamar mai tafsiri, ni kuma wannan sauraron ya fi mini albashi daɗi.

Fayafayi suna karcewa, garmaho yana lalacewa, kuma wanda ake kira Malam ba ya zama a saya masa lemo kullum. Wata rana Garba ya kawo mini wani ɗan kasuwa mai tsallaka iyaka ta Burkusuma. Ɗan kasuwar ya ce makiyayan wancan gefe suna neman maganinmu ido rufe.

Na ce, "Kayan gwamnati ne."

Garba ya ce, "Wanda ya rage da yamma mi kuke yi da shi?"

"Zubarwa muke yi. In an dama shi ba ya kwana."

"To ka ji. Abin da za ka ba ƙasa, ka ba mutum."

Da ragowar na fara. Na san kafin ta tsallaka iyaka ta mutu, ruwa ne kawai za a tsira wa shanun mutane, amma na ce wa raina ban san su ba. Daga nan ɗan kasuwar ya ce ya fi son kwalbar da ba a buɗe ba. Sai na fara dama kwalba ɗaya a madadin biyu. Kafin damina ta zagayo, akwai rugagen da ruwan gishiri zalla na yi musu. Ina yin allurar, ina yanke kunne, ina rubutawa a littafi da kyakkyawan rubutuna. Mun sami sababbin fayafayi, ni kuma na sami hular kaboyi ta gaske daga Maraɗi.

Na yi niyyar ba za ni taɓa garken Baffa Manu da wannan ba. Allah ya sani na yi niyyar. Amma ranar da na isa Kurawa kwalaben sun riga sun tafi, ga shi ya tara shanu tun safe, ya shimfiɗa mini buzu a inuwa, matarsa ta dama fura. In na ce ba magani, labari zai kai ofis. Na ce wa raina shekara uku ba a ga bushiya ba, baɗi za ni gyara. Na yi musu ruwa duka, har da wata jar saniya da yake kira Bodeji, wadda ya ce kakarta ce ta shayar da ni. Shi ya riƙe mini kanta na yanke kunnen.

Bayan mako biyu muka gamu a kasuwar Isa. Maganin gaske yakan sa shanu zazzaɓi na 'yan kwanaki, nono ya ragu, wani lokaci maraƙi ya mutu. Makiyaya duk sun san haka. Baffa ya kama hannuna a gaban mutane ya ɗaga.

Ya ce, "Ku dubi hannu mai sanyi. Ko ɗaya ba ta kwanta ba, nono ko cokali bai ragu ba. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Na ce amin. Na wuce Amirka na zauna, aka sa faifai, ban ji abin da yake faɗa ba.

Da rani bushiya ta shigo daga gabas. Aka turo ayari daga Sakkwato da wani babban malami, Malam Sambo, dattijo mai tsoron Allah. Maganin bai isa ba, don haka umurnin shi ne a yi wa shanun da ba su da shaida kawai. Aka kafa shinge a Kurawa, ni ne mai riƙe littafi. Wajen hantsi na hango Baffa Manu ya koro garkensa. Ya ce ya san an yi musu, amma cutar ta kai rugar da ke maƙwabtaka da shi, ko za a ƙara musu don hankalinsa ya kwanta.

Malam Sambo ya duba kunnuwan, ya juyo wurina. Ya ce, "Kai ka yi waɗannan?"

Na ce, "Ni na yi."

"Da wane magani?"

Akwatin ƙanƙara yana gaban ƙafata, da kwalabe a ciki. Da na buɗe baki a wannan lokacin, da an kore ni, wataƙila da an ɗaure ni, amma da kafin azahar an yi wa shanun nan allura. Na san haka sarai, ba daga baya na gane ba. Na dubi littafin na karanto masa lambar ƙarya da na rubuta.

Baffa ya ce, "Ɗan aminina ne, Malam. Da hannunsa ya yi, ina tsaye."

Malam Sambo ya ce, "To Baffa, kwantar da hankalinka. Naka sun tsira. Bar wa waɗanda ba su samu ba."

Ya yi godiya ya kora su. Har ya waiwayo ya ce in gaishe da mahaifina.

Ban je na gani ba, an dai ba ni labari. Idanu da hanci suka fara zuba, sannan zawo, sannan suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Cikin kwana ashirin garken da ya gada daga ubansa ya koma maruƙa biyu da wani tsohon sa. Ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu rugage huɗu da na sani, ban da na ƙetaren iyaka da ba za ni taɓa sani ba. Baturen dabbobi ya yi mamakin yadda shanu masu shaida suke mutuwa, ya bi littafi, ya ga duk a zagayena suke. Da 'yan doka suka zo, Garba ya riga ya tsallaka iyaka da garmahon. Samarin rumfa suka watse, kowa ya miƙe gefen malfarsa ya koma gona. Ban ga laifinsu ba. Ba su san da me ake sayen faifan ba, ko kuma ba su tambaya ba.

Alƙali ya ba ni shekara huɗu. A gidan yari na ɗebi ruwa, na fasa dutse, na ɗauki bokitin bayan gida a kai ta tsakiyar gari, inda waɗanda muka yi Midil tare suke wucewa a kan keke. Mahaifina bai zo ba ko sau ɗaya. Saƙo guda ya aiko, cewa bana ba wanda ya sauka a gonarsa, kuma shi ba ya iya zuwa Kurawa.

Da aka sake ni na nemi Baffa Manu. Na same shi a kasuwar Isa, a gefen kara inda ake cinikin shanu, yana tufka igiya yana sayar wa masu dabbobi. 'Ya'yansa sun tafi kudu kiwon shanun wasu. Na cire takalmi na durƙusa. Ya ci gaba da tufka bai ɗago ba.

Na ce, "Baffa, na zo neman gafara."

Ya ce, "Ta wanne?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

Ya ce, "Kwalbar da ka sayar, na yafe tun kana ɗaure. Yaro ne kai, ka ga abin duniya. Ruwan da ka tsira musu, shi ma na yafe. Amma ranar shinge, magani na gabanka, ni ina gabanka, aka tambaye ka. Wanga ban iya ba tukuna. Ka komo wata kasuwar."

Na koma. Kowace kasuwa ina komawa, shekara biyu da 'yan watanni. Yakan matsa mini in zauna, ya miƙo mini kaba in taya shi tufka, mu yi hirar ruwa da farashin gero. In na tashi tafiya in ce, "Baffa, maganar nan fa?" sai ya ce, "Wata kasuwar." Wata ranar kasuwa na je na tarar da wani a wurinsa yana sayar da gishiri. An binne Baffa kwana uku da suka wuce. Na tambayi matarsa ko ya bar mini wata magana. Ta yi tunani sosai, don mace ce mai gaskiya, ta ce a'a.

Na tuba ga Allah, kuma ina fatan ya karɓa, amma malamai sun gaya mini haƙƙin mutum sai mutum, ban kuwa sami wanda ya ce mini ba haka ba ne. Sauran rayuwata noma na yi. Ban sake riƙe kayan kowa ba.

Ku samari, ba za ni ce muku kada ku yi nishaɗi ba, don na san ba za ku ji ba, kuma ban tabbata laifin na kiɗa ne ko na silima ba. Abin da za ni ce shi ne, duk wurin da sai ka taɓa amanar wani kafin ka ci gaba da zama a cikinsa, tashi ka bar shi tun ranar farko. In kuwa ka riga ka taɓa, to akwai ranar da za a tambaye ka alhali gyara bai wuce ba. Ranar ba ta da tsawo. Tawa ba ta kai minti guda ba. Ka faɗi gaskiya a wurin, ko da za a ɗaure ka. Ɗaurin na yi shi, shekara huɗu ne, ya ƙare. Ɗayan kuwa yau shekara arba'in da wani abu ina jiran wata kasuwar.