Ranar da Aka Cafe Jikata a Gaɗa

Mutanen unguwarmu a Gummi sun yanke hukunci tun jikata tana da shekara bakwai, cewa ba za a taɓa cafe ta a gaɗa ba. Matan gidanmu sun faɗa, maƙwabta sun maimaita, har innarta ta sallama. Hujjarsu ita ce, a gaɗa yarinya takan juya wa ƙawayenta baya ta saki jiki, su tare ta su cilla ta gaba, jikata kuwa ƙiba ta sa ta kusa ninka tsararrakinta. Sau ɗaya ta gwada, yara biyu suka goce, ta bugu da ƙasa, aka yi mata dariya. Daga ranar ta yi sallama da dandali.

Sai ta tare a zaurena. Ni da na shugabanci makarantun firamare a Anka da Bukkuyum kafin in ajiye aiki, na ɗauka babu abin da ya shige mini duhu a sha'anin yara. Tana shimfiɗa wa baƙi tabarma, tana sauraron hirar dattawa kan shinkafa da ruwan fadama, har ta fara sa baki. Ragowar kwanona tata ce, kamar yadda kaka yake yi wa jika, ni kuma da gangan nake ragewa da yawa. Nakan ce wa abokaina, "Ku dubi yarinya da hankalin manya."

Wata tsohuwar ɗalibata, ma'aikaciyar asibiti, ita ta farkar da ni ranar da ta zo gaishe ni.

"Malam, wace ce ƙawarta?"

"Ni ne," na ce ina dariya.

"Allah shi ja kwana, amma ka yi mata tsufa. Zama da manya ba shi ne girma ba. Ta iya gaida dattijo, to ta iya faɗa da tsararta su shirya?"

Shekara huɗu yarinya tana ɓuya a bayana, ni ina kiran abin natsuwa.

Na daina ragin kwano. Kullum bayan la'asar nakan ce ina son shan iska a bakin dandali, ita ce mai ɗauko mini kujera. Kwana uku tana tsaye a bayana. A na huɗu jagorar 'yan matan, ɗiyar wani masunci maƙwabcina, siririya mai kaifin baki, ta ɗaga murya.

"Ke amaryar Malam, gadin tsoho aka ba ki? Taho ki tare muna, hannuwanmu sun gaji."

Ta shiga sahun masu tarewa. Ashe ƙarfin da ke jikinta abin nema ne. Babu wadda ta taɓa ƙasa a hannunta, har ƙanana suka riƙa cewa sai a gabanta za su faɗa. Wata rana ta dawo gida tana huci, wai an yi mata rinto a layi, ta rantse ta bar wasan. Washegari ta riga ni fita. Ban taɓa murna da fushin yaro irin wannan ba.

Saura abu ɗaya: ita ba ta taɓa yarda ta faɗa ba. Ran nan jagorar ta tsai da waƙa.

"Wata biyu kina tare mu. Yau mu za mu tare ki."

"Ba ku iyawa."

"Mu shida ne. In kin kai ƙasa, ki kwashe takalmana."

Suka sarƙe hannuwa, aka ɗauki tafi. Jikata ta dube ni, na kau da kai, domin wannan shawara ba tawa ba ce. Da na waigo, ta rufe ido ta saki jiki gaba ɗaya. Sahun ya lanƙwasa, ya ja da baya taku ɗaya, sannan ya miƙe ya cilla ta. Ta dira bisa ƙafafunta tana dariya, ta ce a sake. Ni kuwa na tsinci kaina a tsaye, hula a hannu, ina tafi tare da yara.

Ƙibarta ba ta ragu sosai ba, ana nan ana bin shawarar asibiti. Amma yanzu ni nake ɗaukar kujerata da kaina.

Ina so 'ya'yana su rubuta wannan rana kusa da ranar haihuwarta: Alhamis ta biyu bayan ƙaramar Salla, shekarar da ta cika goma sha ɗaya, tsakanin la'asar da magariba.