Rukunin Marasa Matsala

Yayana, wanda muke kira Injiniya tun yana yaro yana kwakkwance rediyon Baba, aikinsa sa ido kan na'urorin sadarwa na wani kamfani. Ofishinsa sanyi kamar firji, ga alluna a gabansa cike da ɗigo kore da ja. Na'urorin sun fi ƙarfin a bi su ɗaya-ɗaya, sai ya kasa su rukuni-rukuni bisa halinsu. Na hawan sama, inda manya ke zama, kwamfutarsa ba ta daina tambayar lafiyarsu. Masu yawan tsayawa ana leƙa su a kai a kai. Waɗanda ba su taɓa ba da matsala ba kuwa, sai an ga dama.

Ya taɓa yi mini bayani yana hura hanci: "Ƙanwata, na'urar da ta faɗi ba ta iya kuka. Shi ya sa ake tambayarta."

Abin da ke ƙona mini rai, da wannan rabon yake tafiyar da danginsa. Autanmu sarkin mita, kullum suna waya. Surukai duk mako. Inna, da ba ta taɓa cewa ko kanta na ciwo ba, ta faɗa rukunin marasa matsala.

Da tafiya ta kama ni, na roƙe shi ya riƙa kiranta, tunda ita kaɗai ce a gida.

"Inna ai garau take," in ji shi. "In da wani abu zan ji."

Na dawo na tarar da ita a ƙasa gefen gado, ƙugu ya karye, leɓe ya bushe. Tun jiya take nan. Wayarta na kan taga inda hannunta bai kai ba, kuma ko kira ɗaya babu a ciki. Da ya kira ya ji shiru, ai da ya taso.

A asibiti ya shigo yana haki. "Haba Inna, me ya hana ki sanar da ni?"

"Kana da aiki, ɗan nan," ta ce, wai ita ce ma mai ba shi haƙuri.

Na buɗe baki zan maimaita masa karatun da ya yi mini, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba da sauri. Wata firinta ce, na'urar buga takardu, a ofishin manaja ta daina amsawa, kuma nan take labari ya iso masa.