Ƙwaryar Goggo

A shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, ina da shekara goma sha tara, na gama makarantar midil, kuma kaina ya fi hulata girma. Aka ɗauke ni koyon aiki na wata shida a wani ɗan gidan ajiye kayan tarihi a Tamale. Gida dai a baki, amma ɗaki biyu ne da baranda, da akwatunan gilashi guda biyar. Shugaban wurin mutumin Kudu ne, gajere mai tabarau, muna ce masa Masta. Aikina biyu: in share kaya in rubuta musu kati, in kuma zaga da 'yan makaranta ina yi musu bayani da siririn sanda a hannu. Sandan nan ba ƙaramin daɗinsa nake ji ba.

Da bikin 'yancin kai ya matso, Masta ya ce za mu baje kayan mutanen Arewa na mako biyu, kowa ya nemo aro a unguwarsu. Ni nan take na tuna Goggo.

Goggo Bafulatana ce mai tallar nono, rugarsu tana can bayan Vittin. Tun ban iya tafiya ba take shigowa gidanmu a Sabonjida, ta sauke kaya, ta sha ruwa, su yi ta hira da mahaifiyata. Ba dangi ba ne, amma ta goya ni. Na taɓa raka ta ruga na ga ƙwaryar da take tatsa a ciki: baƙa wuluk, tana sheƙi, da ɗinki a wuri uku. Ta uwarta ce. Uwar ta rasu a hanya lokacin da suke gangarowa da shanu daga arewa, aka binne ta inda Goggo ba za ta iya nuna wa kowa ba yau. Ƙwaryar nan kaɗai ta iso. Ba a wanke ta da sabulu, turara ta ake yi da hayaƙi, kuma duk Juma'a Goggo tana shafa mata man shanu a baya don kada ta tsage.

Kwana uku ina lallashinta. Na ce manyan mutane za su gani, na ce ƙasa ta zama tamu, dole a san da Fulani a cikinta. Bakina a lokacin ba ya gajiya.

Ta ce, "Ɗana, ƙwarya nan shi ne uwana. Sati biyu ka ce?"

"Sati biyu, Goggo. Da hannuna zan mayar miki."

Ta kawo ta a naɗe cikin zane. Masta ya juya ta a hannu ya jinjina kai, ya ɗaura mata jan zare. Dokar gidan ke nan: kayan aro jan zare, ba a rubuta musu lamba a jiki, ba a sa musu komai. Kayan da suka zama na gidan kuwa, in na itace ne ko duma, akwai wani maganin ƙwari a cikin gwangwani mai hoton ƙoƙon kan mutum, da buroshi muke shafa musu shi. Na san dokar sarai. Ni ne ma nake karanta wa mai gadi ita.

Ana sauran kwana uku a rufe, ina share ƙwaryar sai na ga wani ɗan rami kusa da ɗinkin, da ɗan gari a bakinsa. Ƙwaro ya shiga. Sai wayon banza ya zo mini. Na ce zan mayar wa Goggo ƙwaryarta fiye da yadda ta kawo, ta san ɗanta ya yi karatu. Masta ya fita cin abinci. Na ɗauko gwangwanin na shafe ta ciki da waje, na bari ta sha, na ƙara. Har fito nake yi.

Da ya dawo, tun daga ƙofa ya ja hanci.

"Wane ne ya buɗe magani?"

Na nuna masa da fara'ata. Ya dubi jan zaren, ya dube ni, ya cire tabarau ya zauna a kan benci. Na fi son da ya mare ni.

"Wannan abu, mutum yana ci abinci a ciki?"

Na ce nono ake tatsa.

"Ya ƙare. Duma yana sha magani kamar soso. Ko ka wanke shekara goma, guba yana nan. Ba nono kuma, har abada."

Ban yarda ba. Na wanke da toka, na wanke da ruwan zafi, na shanya a rana, na turara. Warin maganin, irin na kananzir, yana nan daram. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in naɗe ta a zanenta in miƙa mata in yi shiru. Abin da ya hana ni, na san gidajen da nonon yake shiga. Na san jariran da ake dama wa koko da shi, har da ƙanwata.

Ranar da aka cika mako biyu Goggo ta zo, ina tsakiyar yi wa 'yan aji huɗu bayani. Ta tsaya a baya da kayanta a ka tana murmushi, tana jin ɗanta yana zuba Turanci a kan ƙwaryar uwarta. Da yaran suka fita na ajiye sandan, na durƙusa na faɗa mata. Ban yi kwana-kwana ba, don ba ni da ƙarfin yi.

Ta ce in buɗe gilashin. Ta ɗauka, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Ta bi ɗinkin uku da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Ni ne nake kuka, ƙato da ni, a gaban mai gadi.

"In na kai shi gida, yara za su sha ruwa a ciki," in ji ta. "Bar shi nan."

Ta mayar da ita da kanta, ta gyara mata zama. Sai ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan curin man shanu a ganye ta sa mini a hannu.

"Ran Juma'a ka shafa shi a baya. In bai sha mai ba, zai tsage."

Masta ya yanke jan zaren, ya sa ni na rubuta lamba a gindinta da tawada. Ya kuma hana man shanu, wai yana jawo ƙwari. A ɓoye nake shafawa, in ya tafi cin abinci. Goggo ta ci gaba da zuwa gidanmu, ta koma tatsa a kwanon sha na kanti. Duk Alhamis za ta miƙo mini curin mai ta ce, "Ya sha?" In ce ta sha.

Wata shida suka cika. Ba a riƙe ni ba, kuma ban ga laifin Masta ba. Na mayar da makulli da sanda, na sami aikin koyarwa a Bulpiela. Na kasa gaya wa Goggo. Na roƙi mai gadi ya riƙa shafawa, ya ce shi ba ya taɓa gilashi, aikinsa yake so.

Bayan damina biyu na shiga gidan ajiye kayan a matsayin ɗan kallo. Ƙwaryar tana nan a akwati na uku, ta yi fari-fari, ta tsage daga tsohon ɗinkin har gindi. Katin da na rubuta da hannuna yana gabanta: ƙwaryar tatsa ta Fulani. Na fito da sauri kamar wanda aka kora.

Alhamis ɗin makon Goggo ta shigo, ta sauke kaya, ta sha ruwa. Idonta ya fara rauni a lokacin, sai da ta lalubo hannuna ta sa mini ganyen.

"Ya sha?"

Na ce, "Ta sha, Goggo."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."