Balaraben da Ya Zo Cin Arahar Gozaki

Na ga abubuwa da dama a shekarun da na yi ina rubutu a zauren alƙali a Gozaki, amma bazarar da wani Balarabe ya sauka a unguwarmu ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Falke ne, mutumin Gadamus da ke tsallaken Hamada, mai sayar da takarda da alharini. Tsadar Kano ce ta koro shi, domin an gaya masa abin da yake kashewa a can cikin mako zai ci da shi a ƙasarmu har kaka. Ba a yi masa ƙarya ba. Ya je kasuwar Bakori ya ga farashin dawa da kaji, ya dawo yana dariya shi kaɗai. Mai gari ya ba shi gida jikin nawa kyauta, maƙwabta kuma suka shiga aika masa da tuwo kowace yamma, kamar yadda ake yi wa baƙo.

A nan ya yi kuskuren da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Maimakon ya mayar da akushi da ɗan dabino ko da godiya, sai ya riƙa zuba kuɗin wuri a ciki. Wata tsohuwa ta tare ni a hanyar masallaci tana huci. "Malam, ka tambayar mini baƙonka, tuwon sayarwa na kai masa?" Na yi masa nasiha da Hausa, na maimaita da Larabci. Ya ce shi ba ya cin haƙƙin kowa. Akusa suka ɗauke ƙafa.

Ana nan hadari ya fara haɗuwa a gabas, jinkar ɗakin da ya jibge takardunsa kuwa ta ruɓe, ana hango sama ta ciki. Ruwa ɗaya ya isa ya mayar da jarinsa kunu, ni kuma da almajiran ilimi mu koma neman takarda har Katsina. Ya fito da jakar wuri yana neman masu baibaya, bai sami ko mutum guda ba. A wurinmu ba a yin jinka don lada, gayya ake kira, kuma wanda bai je ta wani ba, ba a zuwa tasa.

Wani dattijo Bamaguje, wanda duk unguwar babu mai ɗaura jinka kamarsa, ya dube shi ya ce, "Sidi, ciyawa ba ta san wuri ba. Gobe akwai sharar gona a wurina. Kana da hannu?"

Washegari na raka shi, don kada a ce na tura baƙo ni na zauna. Ya zo da jabbarsa da rawani, ya riƙe fartanya kamar mai riƙe alƙalami. Saran farko ya tsinke igiyar takalminsa. Makaɗin gayya ya saka shi a kiɗa, samari suna ihu, "Sidi, ƙasar ake sara, ba ƙafa ba!" Bai yi fushi ba. Ya tuɓe jabba, ya yi ta fama har tafinsa ya yi kanta, ya zauna ya sha fura a ƙwarya ɗaya da kowa.

Bayan kwana kaɗan mutane suka cika gidansa da ciyawa da igiya. Suna ɗaure kan jinka iska tana tasowa, muka tsaya a ciki muna sauraron ruwa, ko ɗigo bai sauka a kan takarda ba. Ya ɗaga tafukansa da suka kumbura ya ce mini, "Malam, a Kano ban taɓa biyan kuɗin gida da tsada haka ba."

Tun daga ranar na fahimci cewa arahar gari a kasuwa kawai take. Zama da mutanensa yana da nasa farashi, kuma da jiki ake biyansa.