Dawar da Fara Ta Ciza

A shekarar da ruwa ya ɗauke mana bayan shuka, ni da yayana muna noma gona ɗaya a Kaikai, da shanun huɗa biyu da mahaifinmu ya bari. Dawa ta fito ba ta fi kamu ɗaya ba, sai sama ta bushe. Fara ta sauka a kanta, ta bi ganyen duk ta yagalgala shi. Harawa ta ƙare, dusa ta ƙare, shanun har ana ganin haƙarƙarinsu.

Wata rana da hantsi jan san ya tsinke igiya. Kafin mu bi sawunsa ya shige gonar, ya ci iya cinsa. Na same shi yana tangaɗi, jikinsa na rawa, kumfa na zuba daga bakinsa.

"Yaya, zo da sauri!" na ƙwala masa kira.

Muka ɗura masa ruwan kanwa, muka ɗura masa man gyaɗa, bai tashi ba. Na kira malamin dabbobi na Kankia.

"Me ya ci?" ya tambaye ni.

"Ƙaramar dawa, Malam, wadda fara ta ci."

Ya yi salati. Ya ce ƙaramar dawa dama da gubarta. Ita shuka ba ta iya gudu, in ƙwaro ya cije ta sai wasu ƙwayoyin halitta da ke kwance a jikinta su farka, su sa ta ƙara haɗa abin da za ta kare kanta da shi. Ga kuma fari ya matse ta. Ya ce yana tafe a babur, amma kada mu yi nisa da wuƙa.

Yaya ya durƙusa ya rungume wuyan san yana kiransa, kamar yadda yake yi in suna kan kunya suna huɗa. Na ce, "Yaya, numfashinsa na yankewa. Kar ya zama mushe."

"Bari Malam ya iso," in ji shi. "Don Allah bari ya iso."

Na ga idon san ya juye, na ɗauko wuƙa na yi bisimilla. Ko da malamin ya iso mun gama. Ya duba, ya ce ko ya zo da wuri da wuya allura ta riske shi.

Da ruwa ya dawo, sa ɗaya ba ya jan garma. Muka zaga neman aron na biyu, kowa nasa na kan aiki. Da hannu muka yi huɗar, tun asuba har la'asar, bayanmu kamar zai karye, rabin gonar kuma ciyawa ta cinye. Dawar da ta saura ta murmure ta yi kai. Abin da muka girbe bai kai mu bazara ba, sai yaya ya tafi ci-rani kudu, ni na zauna da iyalanmu duka.