Wayar da aka kai gona

Ranar da aka zo duba koyarwata tana cikin ranakun da ban taɓa mantawa da su ba, kuma ina ganin sababbin malamai za su iya amfana da labarin, wataƙila. Lokacin ina shekarar gwaji a wata sakandare tsakanin Kura da Bunkure. Ga wanda bai sani ba, ba a tabbatar wa sabon malami aiki sai shugaban sashensa ya zauna a ajinsa ya ga koyarwarsa. Shugabar sashenmu na kimiyya ita ce Malama Hajara, wadda ta laƙaba mini Malam Wataƙila, wai ko sunana aka tambaye ni sai na ce kamar haka ne.

Darasin shi ne haɗa maganaɗisun lantarki: a naɗe ƙusa da wayar tagulla, a haɗa bakin wayar biyu da kai da gindin batir, sai ƙusar ta riƙa ɗaukar allurai. Tun makon da ya gabata na share fage. Da yake kusan duk ɗaliban 'ya'yan manoman rani ne, na ce musu lantarki kamar ruwan kanal ɗin da ke shayar da gonakinsu yake: batir ne dam, waya ce kanal. Sun gane nan take, har na ji daɗi, abin da ba kasafai nake yarda in ji ba.

Ranar Laraba Malama Hajara ta zauna a bayan aji. Na raba kaya, na ce a fara. Da na zagaya sai na tarar kowane rukuni ya haɗa baki ɗaya da batir, ɗaya bakin kuma an cusa shi cikin tulin allurai. Ko allura ɗaya ba ta motsa ba.

Na tambayi Sa'adatu, wadda ke jagorantar rukunin gaba, dalilin haka. Ta ce ai alluran ne gonar. Da na ce ina tsammanin ya kamata wayar ta koma batir, sai ta dube ni da tausayi.

"Malam, ka taɓa ganin ruwa ya shiga gona ya koma dam ɗin Tiga?"

Daga bayan aji Malama Hajara ta ce, "Amsa mata, Malam. Kuma ban da wataƙila."

 Sai na ji ƙarar injin casar shinkafa da ke bayan katangar makaranta, wanda kullum nake ƙorafin yana hana mu darasi. Na tambaye su me ke faruwa in bel ɗin da ke juya shi ya tsinke. Suka ce aiki ya tsaya. Na ce to lantarki bel ne: sai ya zagaya ya dawo inda ya fito. Sa'adatu ta zare wayar daga gonarta ta danna a gindin batir, allurai suka yi tsalle suka manne da ƙusa.

An tabbatar mini da aiki. Malama Hajara ta ce da ta so ta raba takardar tabbatarwar biyu, rabi nawa rabi na mai injin.

Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, shi ne yaro ya fi riƙe misali a kan ƙa'ida, kuma zai bi misalin har inda kai ba ka kai ba. Tun daga ranar ban ƙara kawo wa ɗan Kura misali da ruwa ba. Ya fi ni sanin inda yake zuwa.