Farar Ƙwaya Daga Sudan

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, ƙanena soja ya dawo daga aiki a Sudan da tsarabar rabin buhun wata farar ƙwaya. Ta fi dawa tsawo, ɓawonta da tauri. Ya ce a can ana matse mai da ita, ana kuma watsa wa tsuntsaye. Sunanta ya ɓace masa, rubutun buhun kuwa ba wanda ya iya karantawa a gidanmu.

Matata ta soya kaɗan, ta tauna, ta tofar.

"Maigida, fitar mini da wannan daga ɗakin girki. Wani ya kawo wa matarsa atamfa, mu an kawo mana tsakuwa."

Lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci, furfura ta riga ta fara fito mini. Malaminmu ya ce kowa ya riƙa rubuta sunayen abubuwan da yake gani kullum. Na gaji da rubuta akuya da turmi. Sai na ce bari in watsa ƙwayar nan ƙarƙashin mangwaron da ke bayan gidanmu, tsuntsaye su zo in rubuta su.

Kwana shida ina watsawa da safe, ina zaune da fensir. Ƙananan tsuntsaye su sauko, su ɗauka, su jujjuya a baki, su yar. Kurciya biyu kaɗai suka yarda da ita, su ma kamar alfarma suke yi mini. Ni kuwa na riga na iya rubuta kurciya.

Nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Na ɗebi gero na gauraya da ƙwayar, wai in koya musu ci. Ni da aka haifa a gona, na yi ƙuruciyata ina korar tsuntsu, ban tsaya na duba bayan katanga ba. A can akwai 'yar gonar dawa ta wata tsohuwa 'yar Dabai, mijinta ya rasu, dawar nan ce abincinta na shekara. A makon ne kuma dawar ta fara yin ƙwaya.

Tsuntsayen kabare masu cin hatsi suka zo, da fari goma, daga baya ban iya ƙirgawa ba. Su tsince geron tas, su bar mini farar ƙwayata a ƙasa, su tashi gaba ɗaya su faɗa gonar tsohuwa.

Rana ta uku tsohuwar ta leƙo ta inda katanga ta zube.

"Ɗan makaranta, kai ne mai kiran baƙi?"

"Mama, karatu nake yi."

"To, ka rubuta cewa kai ka ba su karin kumallo, ni na ba su na rana da na yamma. Ka iya rubuta wannan, ko sai an koya maka?"

Na daina watsawa a ranar. Tsuntsayen ba su daina zuwa ba. Su sauka kan mangwaro, su jira ni, in ban fito ba su wuce wurinta da wuri fiye da da. Na share wurin, na yi jifa, na rataya tsohuwar rigata a kan sanda. A kafaɗar rigar suke hutawa.

Dole na ɗaura igiya daga wannan gefen gonarta zuwa wancan, na rataya gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki. Mako uku ina zaune a rana ina jan igiya, ina ihu kamar mai tallar kifi, mutane na wucewa kan babur suna gaishe ni da aiki. Tsohuwa na inuwa tana ba da umarni.

"Gabas, ɗana. Kai ido ma sai an saya maka?"

An yanke dawar. Yawanci ta tsira, amma layukan da ke jikin katangarmu ba ƙwaya ko ɗaya. Da kanta ta ɗaure waɗannan zangarniyoyin dami guda, ta ɗauko a ka, ta sauke a ƙofar gidana.

"Ga abin da baƙinka suka rage."

Na shiga rumbu na ɗauko dami mai ƙwaya, na bi bayanta da shi. Ba ta ce kada in kawo ba. Ta nuna mini inda zan ajiye.